Ƙura Daga Nesa, Hayaƙi Daga Gida

 

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Magarya da Bande da Waca, da na Sasumburum da Yekuwa. Ina gaida na Dungas da Guci, da Malawa da Dogo-Dogo. Ban manta da ƴan'uwa na tsallaken iyaka ba, na Babura da Maigatari, waɗanda kasuwa da aure suka haɗa mu. Yaya ɗari? Yaya iyali? Allah ya ƙara mana lafiya.

Sharhinmu na yau a kan iska ne, iskar da muke shaƙa a wannan lokaci na hunturu. Hatsi sai ka auna kafin ka ci. Ruwa sai ka duba kafin ka sha. Iska kuwa ba ta jiran izinin kowa. Babban mutum yana jan numfashi kusan sau 20,000 a kwana guda, ƙaramin yaro ma ya fi haka. Duk abin da ke cikin iskar, da shi take shiga.

Magana ɗaya nake so ku riƙe. A hunturu, kaya biyu ƙirjinmu ke ɗauka, ƙura da hayaƙi. Ƙura daga nesa take zuwa, ba mu da ikon tsayar da ita. Hayaƙi a gidajenmu yake tashi, mu muke hura shi. Na farko ba namu ba ne. Na biyun namu ne, kuma muna iya rage shi.

To, bari mu fara da ƙura.

Daga Nuwamba zuwa Maris, iska na busowa daga arewa maso gabas. Wata rana gari ya waye fes. Wata rana kuma ka fito, rana ta yi fari fat, kana kallonta ido ba ya jin zafi, kuka da ke bakin gari ta ɓace a cikin hazo. Mafi yawan wannan hazo daga ƙasar Chadi yake tasowa. Akwai wani kwari a arewacinta da ake kira Bodele. Shekaru dubbai da suka wuce, ruwan tafkin Chadi ya kai har can. Ruwan ya janye, ya bar farar ƙasa mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa da suka mutu. Iska na biyowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, wurin ya matse ta, ta fito da ƙarfi, ta kwashi ƙasar nan ta yi sama da ita. Masana sun ce babu wani wuri guda a duniya da ke tayar da ƙura kamar Bodele. Jiharmu ta Damagaram kuwa a kan hanyarta take. Ta wuce mu ta sauka Kano, ta kai Legas, wata ma har ta tsallake tekun Atilantika zuwa Kudancin Amurka.

Ƙurar nan iri biyu ce. Akwai mai kauri, wadda ke shiga ido, kake jin ta a haƙori. Wannan hanci na tare ta, majina ta fitar da ita. Akwai kuma mai laushi, wadda ido ba ya gani. Sai an jera kusan talatin daga cikinta kafin su kai kaurin gashin kai guda. Ita ce abin tsoro. Hanci ba ya tare ta. Tana wucewa har ƙasan huhu, wata ma ta shiga jini. Shi ya sa mai fuka ke kwana zaune a wannan lokaci. Shi ya sa tsoho mai hawan jini ko ciwon zuciya ke ƙara jin jiki.

Yanzu ga abin da ya fi shafarmu, mu mutanen wannan yanki. Sanƙarau.

Dattawa ba su manta da 1995 da 1996 ba. A annobar 1996, kusan mutum 25,000 sanƙarau ya kashe a ƙasashen Afirka. Ba ma sai mun koma nesa ba. Daga farkon Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Fiye da rabin waɗanda suka kamu a gundumar Dungas suke. Cutar ta taɓa Magarya, ta taɓa Matamai da Mirya. A daidai wannan lokaci tana can tsallake a Jigawa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Mutane da yawa na cewa zafi ke kawo sanƙarau. Wasu su ce ƙura ce ke ɗauko shi daga hamada. Bari in gyara zancen. Ƙwayar cutar daga mutum zuwa mutum take tafiya, ta tari da atishawa da kwana a matse. Mutane da yawa na ɗauke da ita a maƙogwaro, ba ta yi musu komai ba. Abin da ƙura da busasshiyar iska ke yi shi ne su busar da cikin hanci da maƙogwaro, su tsattsaga shi. Daga nan ƙwayar ta samu hanyar shiga jini. Shi ya sa cutar ke tashi da rani, ta lafa idan damina ta sauka. Ƙura ba ta kawo sanƙarau, amma tana buɗe masa ƙofa.

Akwai wani abu game da rigakafi da ya kamata iyaye su sani. Sanƙarau iri-iri ne. Allurar da aka fara yi a Nijar a 2010 ta karya lagon nau'in da ake kira A. Wanda ya tashi a Dungas nau'in C ne. A 2024 aka fara amfani da sabuwar allura mai maganin nau'i biyar, kuma Jigawa na cikin wuraren da aka fara. Saboda haka kada uwa ta ce, ai an riga an yi wa ɗana. Idan masu allura sun zo gari, a fito da yara.

Wannan ita ce ƙura. Na ce ba mu da ikon tsayar da ita. Yanzu mu juyo gida, wajen kayan da muke ɗora wa kanmu.

Ku tsaya a bayan gari da asuba, ko bayan magariba, ku kalli garinku. Za ku ga hayaƙi bai tashi sama ba. Ya kwanta a kan rufin ɗakuna, shuɗi-shuɗi, ya cika lunguna. Dalili shi ne, da dare ƙasa na yin sanyi, iskar da ke kusa da ita ma ta yi sanyi ta yi nauyi. Ta samanta ta fi ta ɗumi. Iska mai nauyi ba ta tashi. Sai garin ya zama tukunyar da aka rufe da faifai, duk abin da aka ƙona yana nan a ciki tare da mu, har sai hantsi ya yi.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. Birnin Meziko yana kan tudu, fiye da mita 2,000 sama da teku, duwatsu sun kewaye shi. Da sanyi hayaƙin motoci kan rasa hanyar fita, har a 1989 hukuma ta kafa doka kowace mota ta huta rana guda a mako. Mu ba mu da duwatsu, ba mu da motocinsu. Amma muna da jama'a. Kudancin Damagaram yana cikin wuraren da mutane suka fi yawa a duk Nijar. A ƙidayar 2012, Magarya da Dungas a haɗe sun haura mutum 900,000, yau kuwa an ƙaru sosai. Kowane gida da murhunsa, kuma kusan lokaci guda ake hura su.

Mu shiga madafa, mu duba da kyau. Uwar gida ta tashi ɗumamen tuwo. Jaura na kaɗawa, don haka ta shige ɗakin girki ta ja ƙyaure. Itace ya yi tsada, abin da ke hannu kara ne da kashin shanu da wani ɗanyen reshe. Wuta ta ƙi kamawa. Ta ɗauko leda ta kunna, ledar na ɗiga, baƙin hayaƙi na tashi. Ta durƙusa tana hurawa, ido na hawaye, tana sharewa da bakin zane. A bayanta akwai goyo. Fuskarsa na daidai kafaɗarta, a tsakiyar hayaƙin. Shi ba ya iya kawar da kai, ba ya iya cewa a sauke shi. Yanzu ɗaga kai ka dubi rufin ɗakin. Kunkunniya ta yi baƙi ƙirin. Abin da ya baƙanta wannan rufi, shi yaron ke shaƙa safe da yamma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki na cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 a duniya kowace shekara. Ta kuma ce, a cikin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da ciwon huhu ke kashewa, kusan rabi wannan hayaƙi ne sanadi. Wannan magana tana taɓa ni ƙwarai, domin uwar ba ta yi laifin komai ba. Abinci take dafa wa gida.

Ga kuma dare. Sanyi ya tsananta, an shigo da kaskon garwashi ɗaki. An rufe ƙofa, an toshe taga da tsumma. Idan akwai mai jego, sai a ƙara wuta, don ita da jaririn su ji ɗumi. Niyya mai kyau ce. Amma garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum ya tashi da ciwon kai da jiri da amai, a ce iskoki ne, ko a ce abincin jiya ne. Wani ma ba ya tashi. Don Allah, a ɗuma ɗaki kafin barci, sannan a fitar da kaskon. A bar wata ƴar kafa ta iska.

A waje ma muna ƙarawa. Shara da leda da ake cinna wa wuta da yamma, a daidai lokacin da hayaƙi ba ya tashi. Tsohuwar taya da ake babbaka da ita. Hayaƙin kabu-kabu da ƙurar da manyan motoci ke tayarwa ranar kasuwa. Idan bazara ta zo kuma, ga ƙonar sassabe a gonaki. Sai damina ta sauka ta wanke sama, sannan ƙirji ke hutawa.

Kun ga inda maganar take. Yaron da ƙurar Bodele ta riga ta busar masa da maƙogwaro da rana, shi ne muke ƙara wa hayaƙi da asuba da dare. Ƙura daga nesa take. Hayaƙi daga gida yake.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, malam, kakanninmu da itace suka yi girki, suka kuma yi tsawon rai. Gaskiya ne da itace suka yi. Amma su busasshen itace suka samu, daji na kusa, gari bai cika ba. Ba su san leda ba, ba su san taya ba. Sannan mu faɗi gaskiya, a zamaninsu ma yara da yawa sun tafi da ciwon haƙarƙari, aka ce sanyi ne ya kama su. Sabo da abu ba ya sa ya daina cutarwa.

Wata kuma za ta ce, to da me zan dafa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ba zan ce wa matar ƙauye ta je ta sayi tukunyar gaz ba, alhali kuɗin cefane ma da ƙyar. Akwai abubuwan da ba sa cin ko dala. Idan iska ta lafa, a yi girki a tsakar gida. Idan dole sai a ɗaki, a buɗe ƙofa, a huda taga a sama kusa da rufi. A shanya itace ya bushe kafin a sa a wuta. A daina kunna wuta da leda, tsinken kara da busasshiyar ciyawa sun isa. Mafi girma duka, a sauke goyo. A ba kaka, ko yaya, ko kishiya ta riƙe shi nesa da murhu har wuta ta kama, hayaƙi ya lafa. Maigida, kai ma hannunka bai fi ƙarfin riƙe ɗanka na ɗan lokaci ba.

Wanda ke da ɗan hali, murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi da maƙeranmu ke yi yana rage cin itace. Ba ya kawar da hayaƙi duka, amma itace kaɗan hayaƙi kaɗan ne. Ranar hazo mai yawa kuma, a rufe hanci da amawali ko mayafi ko takunkumi. Ƙyalle ba ya tare mai laushin duka, amma yana ragewa. A sha ruwa ko ba a jin ƙishirwa. A yayyafa ruwa kafin a yi shara. Tsofaffi da masu fuka da jarirai su zauna ciki har gari ya washe.

Yanzu zan juya ga shugabanni, da girmamawa.

Tun 2011 matatar SORAZ ke aiki a arewa da birnin Damagaram, kuma gaz na girki yana cikin abin da take fitarwa. A jiharmu ake yin sa. A ganina bai dace ba a ce matar Malawa ko ta Yekuwa tana hura kashin shanu, gaz ɗin kuma sai mai albashi a birni. A sauƙaƙa kuɗin tukunyar farko, domin ita ce ke gagarar talaka. A kai wurin cikawa kusa da mutane. Magadan gari kuma, a fitar da wurin zuba shara bayan gari, a hana ƙona leda a tsakiyar unguwa. Masu sarauta, ranku ya daɗe, maganarku ta fi ta kowa shiga a kan wannan. Malamanmu na tsangaya, Allah ya gafarta muku, a duba makwancin almajirai, kada a cusa yara da yawa a ɗaki guda babu taga.

Sannan akwai labarin hazo tun kafin ya iso. Tauraron ɗan'adam na ganin ƙura tun tana tashi daga Chadi. Cibiyar nazarin yanayi ta Afirka, ACMAD, a Yamai take, kuma tana fitar da gargaɗi a kan ƙura da sanƙarau. Wannan gargaɗi bai kamata ya tsaya a ofis cikin Faransanci ba. A juya shi da Hausa da Fulatanci da Barbarci, a karanta a gidajen rediyo, yadda ake karanta labarin ruwan sama da damina.

Kafin in rufe, akwai wani abin alheri da mutanen wannan yanki suka riga kowa. Gawo. Tun a ƙarni na 19, zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, an hana sare shi, da hukunci mai tsanani. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman Magarya da Matamai da Mirya suka koma barin tsiron itatuwa a gonakinsu, suna gyara su, abin da muke kira sassaben zamani. Yau masana daga ƙasashen duniya na zuwa kallon gonakin nan. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake yin kore. Ke nan a daidai lokacin da iska ke kaɗawa, shi yana tsaye da ganyensa. Ba zai tare ƙurar Bodele da ke can sama ba. Amma yana karya ƙarfin iska a ƙasa, yana hana ta kwashe ƙasar gonarka ta watsa maka a gida. Reshen da aka sassabe kuma, idan ya bushe, ya fi kara da kashin shanu kyan wuta, kashin shanun ya koma gona inda ake bukatarsa. Wanda ya bar gawo a gonarsa ya taimaki ƙirjin iyalinsa, ko bai sani ba.

To, jama'a, iyayena mata da maza, ga abin da nake roƙonku da shi a wannan hunturu. Ku riƙa ɗaga rigar yaro kuna kallon ƙirjinsa. Idan yana tari, numfashinsa na sauri, ƙasan haƙarƙarinsa na faɗawa ciki in ya ja iska, wannan ba mura ba ce. A kai shi likita a ranar. Idan zazzaɓi ya zo da ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare, mutum ba ya son haske, ko maɗigar jariri ta kumbura, kada a jira gari ya waye. Sanƙarau na iya kisa cikin kwana guda, kuma yana da magani idan an yi sauri. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce kula da yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitar gwamnati, don haka kada tsoron kuɗi ya hana ku tashi.

Wanda ya ji, ya gaya wa maƙwabcin da ba shi da rediyo. Gobe da asuba, kafin a hura wuta, a nemi wanda zai riƙe yaro. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai mu damina lafiya.